Yadda Aka Fara Auna Kaifin Ciwon Kaji

Duk mai kiwon kaji ko fataucinsu ya san wannan abu. Wata shekara ciwo ya shiga akurki, kaji su yi ta minshari da majina, fuska ta kumbura, bayan mako biyu su warware. Wata shekarar kuma ciwo mai irin waɗannan alamu ya share akurkin cikin kwana uku. Mukan ce rashin sa'a ne. Masana kuwa sun ce ƙwayar cuta tana da kaifi kamar wuƙa, wata ta fi wata, kuma ana iya auna shi. To ga yadda aka gano hakan.

A 1879, a birnin Paris, Louis Pasteur yana bincike kan kwalarar kaji, ciwon da wata ƙwayar bakteriya ke kawowa, mai sa zawo da numfashi da ƙyar. Wani likitan dabbobi na garin Tulus, Henry Toussaint, shi ya aiko masa da ƙwayar. Pasteur ya riƙa kiwonta a romon kaza cikin kwalba. In ya yi wa kaji allura da sabon romo, kusan duka sai su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma da aka yi amfani da romon da ya daɗe a ajiye, sai kajin suka yi ɗan laushi suka tashi. Da aka sake yi musu da mai kaifin, suka tsallake. Ya bayyana wannan a watan Fabrairu na 1880. Ma'auninsa kuwa ƙirga ce kawai: cikin kajin da aka yi wa allura, nawa suka mutu, kuma cikin kwana nawa?

Makiyaya, wannan ba baƙon abu ba ne a gare ku. Tun a ƙarni na 19 Turawa suka tarar da Fulani a ƙasar Senegal suna tsaga karan hancin saniya su cusa ɗan guntun huhun wadda ciwon huhu ya kashe, don ta kamu kaɗan ta samu kariya. Matsalar ita ce babu mai sanin kaifin abin da ya cusa, shi ya sa wasu shanun kan kumbura su mutu. Allurar ciwon huhu da aka fi yi wa shanu a yankinmu yau sunanta T1/44. Asalin ƙwayar daga Tanzaniya ne, kuma sau 44 aka bi da ita ta cikin ƙwan kaza har kaifinta ya dakushe. Kun ga kaza ta yi wa saniya rana.

A 1927 wani masani a Ingila, J. W. Trevan, ya kawo ma'aunin da ake bi har gobe, wato yawan abin da zai kashe rabin dabbobin gwaji. In ƙwaya kaɗan ta isa ta kashe rabin 'yan tsaki, to mai kaifi ce. In sai an zuba da yawa, dakusasshiya ce. A ɗakunan bincike akan sa ƙwayar cikin ƙwai mai ɗan tayi ko a jikin 'yan tsaki, a ƙirga mace-mace, a feɗe su a duba jakunkunan iska da ke haɗe da huhu, a ba ɓarnar maki. Samfurin ciwo daga Najeriya akan kai shi cibiyar Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924.

Amma fa akwai wani abin da Pasteur ya gano wanda ya fi shafar 'yan kasuwa. Ƙwayar da ta dakushe har ba ta iya kashe kaza, da ya riƙa bi da ita daga ƙaramin tsuntsu zuwa wani, sai kaifinta ya dawo. Wato wuƙar tana wasuwa ne a jikin mai rauni. Yanzu ku dubi kejin da ake lodawa daga ƙauyuka biyar, kaji da zabi da tattabaru a cunkushe, a rana, ba ruwa, har Seme. Ga shi kuma kazar da ta warke daga kwalara ko mura takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar, a ido lafiyarta lau.

Don haka sabuwar kaza a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin na gida. Wadda ta kwana kasuwa ba a sayar ba, kada a mayar da ita akurki kai tsaye. A wanke keji da sabulu a shanya. In kuwa kaji sun fara zubewa da yawa rana ɗaya, a bar garin maganin kasuwa a nemi likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jaji a 2006, ta shigo Benin a ƙarshen 2007, ba bakteriya ba ce, wannan magani ba ya taɓa ta.