'Ya'yan Modibbo Adama

Kafin zuwan Jamusawa, Garwa da Marwa da Ngaundere duk suna ƙarƙashin Yola ne, cikin ƙasar Fombina. Modibbo Adama ne ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usman ɗan Fodiyo, ya kuma kafa Yola a 1841. Sa'ad da ya rasu a 1847, ɗansa Lawal ya gāje shi, ya shekara 25 yana mulki.

Bayan Lawal sarauta ba ta sauka ga jikoki ba. Ƙanensa Sanda ya hau a 1872, sa'an nan wani ƙanen, Zubairu, a 1890. Ashe a gidan nan ɗan Adama yana gaba da jikan Adama. Saboda haka yarima yakan girma yana durƙusa wa baffansa kamar mahaifi, ko da ransa yana kan gadon ubansa. Iya, ɗan Sanda, sai da ya jira har 1909.

Zubairu ne wahala ta auka wa. A 1901 Turawan Ingila suka kore shi daga Yola, Jamusawa kuma suka ci shi da yaƙi a Garwa. Wanda Turawan suka naɗa a madadinsa kuwa, Bobbo Ahmadu ne, ɗan'uwansa, ɗan Adama.