Gane Dayod da Ya Lalace: Nazari Daga Teburin Masu Gyara a Ajingi

A Ajingi da Gaya, rediyo da talabijin da cajar waya suna shan wuta iri-iri: ta kamfanin KEDCO, ta janareto, da ta sola. Hawa da saukar wuta, tsawar damina da zafin bazara duk kan faɗa wa dayod, wato ɗan ƙaramin abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. A bakin fanel na cikin na'ura akan jera dayod huɗu, sau da yawa samfurin 1N4007 mai ɗaukar amfiya 1, domin su miƙar da ita. Lalacewarsu iri uku ce: dayod ya haɗe wuta ta wuce ta kowane gefe, ko ya yanke, ko ya riƙa yoyo ta baya. Haɗewa ta fi yawa, kuma alamarta ƙonewar fiyus.

Kafin gwaji, wajibi ne a cire soket a kuma sauke wutar babbar kafasita, domin takan riƙe sama da bolt 300. Sai a juya mitar gwaji zuwa alamar dayod, a ɗora baƙar waya a gefen da ke da zobe, ja a ɗaya gefen. Lafiyayyen dayod na silikon zai nuna bolt 0.5 zuwa 0.7, samfurin Schottky kuwa ƙasa da haka. In aka juya wayoyin, sai mita ta nuna OL, wato wuta ba ta wuce ba. Sifili ta ɓangarori biyu na nufin ya haɗe, OL ta ɓangarori biyu kuma ya yanke.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne gwaji a kan fanel. Taransifoma ko rizisto da ke kusa kan buɗe wa wutar mita wata hanya, sai lafiyayyen dayod ya yi kama da matacce. Maganin wannan shi ne a narkar da dalma, a ɗaga ƙafa ɗaya, a sake aunawa.

Ko an gano dayod ɗin da ya lalace, aiki bai ƙare ba. Sau da yawa kumburarriyar kafasita ko taransista da ta haɗe ce ta kashe dayod, kuma in ba a cire ta ba, sabon ma zai ƙone. Mai gyaran da ya bi sawun matsalar har tushenta ya hutar da mai kaya kuɗin mota zuwa kasuwar Sabon Gari a birni, ya kuma tsare mutuncin sana'arsa a garinsu.