Robar bodi: me ya sa tsohuwar mota ke fara guga bayan an sa mata sabuwa?

Motoci irin su Toyota Hilux da Land Cruiser, waɗanda har yau ke jigila tsakanin Garwa da Poli da Tcholliré, gininsu kashi biyu ne. Akwai shasi, wato firam ɗin ƙarfe da ke ɗauke da inji da giyabos da ƙafafu. Akwai kuma bodi, wanda ke zaune a kan shasin bisa wasu robobi masu kauri da aka ɗaure da dogayen kusoshi. A garejin Kamaru an fi kiran su da sunan Faransanci, silentbloc. Aikinsu shi ne su shanye girgiza, su kuma riƙe tazarar da ke tsakanin bodi da kayan ƙasa.

Wannan bayani bai shafi Peugeot 504 ta fasinja ba, wadda aka fara ƙerawa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna. Ita bodinta da shasinta a haɗe suke, don haka idan ta yi irin wannan ƙara, robar inji ko ta giyabos za a duba.

Roba ba ta son zafi da mai. A Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ga kuma lodi da gargada, robar takan tsattsage ta lotse, bodi ya riƙa sauka a hankali. Land Cruiser 70 ta fara fitowa ne a 1984, ke nan wadda ta fito a shekarun farko ta yi shekaru da dama a lotse, kuma duk gyaran da aka yi mata a tsakani, daga waldar salansa zuwa ɗaurin lagireto, an yi shi ne daidai da wannan lotsewar. Ranar da aka sa sabuwar roba, bodi ya koma sama, inji da giyabos kuwa suna nan inda suke, domin a shasi suke ɗaure.

Fanka ce ta fi saurin tona asiri. Tana jikin inji, alhali a motoci da yawa lagireto da murfin da ya kewaye fankar suna jikin bodi. Da bodi ya tashi sai fiffiken fanka ya fara taɓa ƙasan murfin. Idan aka yi sakaci fiffiken ya karye, yana iya huda lagireto, kuma wanda ruwa ya tsiyaye masa a tsakanin Figuil da Marwa ya san tsadar abin. Sandar giya ma haka: ta ramin daɓen mota take fitowa, to idan ramin ya gusa sai ta riƙa bugun bakinsa, giya ta ƙi shiga sosai ko ta riƙa fita da kanta, musamman ta biyu da ta huɗu da ribas. Sai sandar sitiyari, da tiyon birki da na kulochi, da wayar birkin hannu, waɗanda kowannensu kai ɗaya na bodi, ɗaya na shasi. Tiyon birki da ya ɗame shi ne mafi haɗari a cikinsu, don ba ya ƙara kafin ya fashe.

Akwai kuma akasin haka. Robobin ba kaurinsu ɗaya ba, kowacce da mazauninta. Idan aka musanya ta gaba da ta tsakiya, ko aka yanko daga tsohuwar taya, kamar yadda ake yawan yi idan ta asali ta yi wuya, bodi na iya karkacewa ko ya sauka fiye da da, har daɓe ya riƙa gugar saman giyabos.

Wani abu da ke sa a kashe kuɗi a banza shi ne zargin farfela. Canjin robar bodi ba ya sauya kwanciyar farfela, tunda giyabos da aksul duk ba su motsa ba. Idan girgiza ta ƙaru bayan aikin, yawanci ko sabuwar robar ce ta cika tauri, ko wani ƙarfe ne ke taɓa bodi.

Makaniki mai lura yakan auna tazarar bodi da shasi a kowane mazauni kafin ya kwance komai. Yakan sassauta kusoshin duka, ya ɗaga gefe guda da jak da katako, ya canza, sannan ya koma ɗaya gefen. Ba ya ɗaurewa tamau sai dukkan kusoshi sun shiga, ƙofofi kuma suna rufuwa daidai. Daga nan sai a juya fanka da hannu, inji a kashe, a ga akwai tazarar akalla yatsa guda ta kowane ɓangare, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a gwada kowace giya. Inda ake zargin guga a shafa alli, a ɗan zaga, a dawo a duba inda ya goge. Robar inji da ta giyabos su ma a duba su a rana ɗaya, don shekarunsu ɗaya da waɗanda aka cire. Dukan daɓe da guduma don samun wuri yana kashe ƙarar, amma bodin na nan a karkace. Bayan 'yan kwanaki ana hawa, sai a koma gareji a sake ɗaure kusoshin, domin sabuwar roba takan ɗan zauna.