Tarihin Dashbod: Daga Katako Zuwa Roba

A hutun da ya wuce na je gida na tarar kawuna ya fito da tsohuwar motarsa daga rumfar da ta daɗe a ciki, wai zai tashe ta. Peugeot 504 ce, wadda muka fi sani da Fijo, haɗin Kaduna. Bakanike ya duba inji ya ce aikin mako guda ne. Mai walda ya leƙa ƙarƙashi ya ce ɗan abin da tsatsa ta ci bai fi ƙarfinsa ba. Mai kushin ya auna kujeru ya faɗi kuɗinsa. Da aka zo kan dashbod, watau allon nan na gaban direba mai ɗauke da agogai da maɓallai, sai kowa ya yi tsit. Ya dare gida uku kamar ƙasar fadama da bazara, soson da ke ciki kuma ya zama gari, in ka danna da yatsa sai ya zube. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya aka yi ƙarfe, wanda ruwa da tsatsa ke ci, yake da masu gyara, roba kuwa da ake ce mana ba ta ruɓewa ita ce ta gagari kowa? Neman amsar wannan tambaya shi ya kai ni ga ɗan tarihin da zan ba mai karatu a nan.

Ita dai kalmar dashbod ta girmi mota. Daga Ingilishi muka aro ta, kuma asalin ma'anarta allon tare fantsali. A zamanin da Turawa ke tafiya a keken doki, akan kafa wani katako ko fata a gaban ƙafafun mai tuƙi, don ya tare taɓo da tsakuwar da kofatan dawaki ke watsowa in sun sheƙa da gudu. Da Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus a shekarar 1886, sauran maƙera kuma suka biyo baya, masu ƙera keken doki ne suka riƙa yi wa motoci jiki, saboda haka suka taho da katakonsu ko da yake babu sauran doki a gaba. A 1891 kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya mai da inji gaban mota, sai katakon ya sami sabon aiki, ya zama shi ne shamaki tsakanin direba da zafi da man inji. Tun da yake yana nan daidai idon mai tuƙi, nan aka ga ya dace a riƙa kafa agogai. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi rajistar agogon maleji mai aiki da maganaɗisu a 1902, kuma irin nasa ne motoci suka yi ta amfani da shi shekaru da dama.

Har wajen 1930 aikin dashbod aikin kafinta ne. Motocin attajirai akan yi musu da katako mai kyan zane, a goge shi har sai mutum ya ga fuskarsa. Da aka koma yin jikin mota da zallar ƙarfe, sai dashbod ma ya zama ƙarfe, amma saboda sabo, wanda Hausawa ke cewa turken wawa ne, wasu kamfanonin Amurka sai su yi wa ƙarfen fenti mai kama da zanen katako. Roba ta farko da ta shigo cikin mota ta ƙananan abubuwa ta shigo. Leo Baekeland, mutumin Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa wata roba mai tauri a 1907, aka sa mata suna Bakelite, da ita aka riƙa yin maɓallai da kan giya da gewayen sitiyari.

To, shi wannan dashbod na ƙarfe yana da kyau a ido, amma mugu ne ranar haɗari. A lokacin babu bel a kujera. In mota ta yi karo, wanda ke zaune kusa da direba sai ya tafi da fuska ya daki ƙarfe da maɓallai masu tsini. A birnin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, akwai wani likitan fiɗa mai gyaran fuska, Dokta Claire Straith, wanda ya gaji da ɗinke irin waɗannan raunuka, tun cikin shekarun 1930 ya shiga kiran maƙera su lotsa maɓallai ciki su kuma sa wa dashbod abu mai taushi. Kamfanin Chrysler ya ɗan saurare shi a motocinsa na 1937. Motar Tucker ta 1948 ta zo da dashbod mai soso, sai dai 51 kacal aka ƙera kamfanin ya durƙushe. Sauran suka yi ta jan ƙafa, har sai da littafin Ralph Nader na 1965, Unsafe at Any Speed, ya tayar da ƙura, majalisar Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar masu shiga mota a 1966. Daga 1968 tausasa dashbod ya zama tilas ga duk motar da za a sayar a can, kuma da yake kowane kamfani yana kwaɗayin kasuwar Amurka, abin ya game duniya.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka gina irin wannan dashbod, domin a nan ne amsar tambayata take. Hawa uku ne. A ƙasa akwai ƙashi na ƙarfe ko na roba mai tauri. A kansa akwai soso, irin wanda Otto Bayer ya gano haɗinsa a Jamus a 1937. A sama kuma an lulluɓe da fata ta leda mai kauri, wadda masana ke kira PVC. Ita PVC asalinta abu ne mai tauri, kamar bututun ruwan da muke gani a gidaje. Wani Ba'amurke, Waldo Semon, shi ya gano a 1926 cewa in an cakuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo sai ta yi laushi kamar jemammiyar fata. Matsalar ita ce wannan maiƙo baƙo ne a jikinta, zaman haya yake yi. Kullum zafi ya buga sai kaɗan daga cikinsa ya tashi ya bi iska. Dusu-dusun nan da kan lulluɓe gilashin gaba ta ciki, wanda direba ke gogewa ya dawo, har da shi a ciki, haka ma wani ɓangare na ƙamshin sabuwar mota da mutane ke so. Watau tun ranar da aka fito da mota daga kamfani dashbod ɗinta ya fara tsufa.

Daɗin daɗawa, babu wurin da rana ke gasawa a mota kamar nan. Motar da aka rufe aka bari a rana, zafin saman dashbod ɗinta kan kai wajen digiri 70. Da dare, musamman da hunturu, sai ya huce ya takure. Yau miƙewa gobe takurewa, ga fata ta bushe, sai ta dare daga bakin kafofin iska, rana ta sami hanya ta shiga ta cinye soson. Wannan ne ya sa tsufan mota ya rabu gida biyu. A ƙasashen sanyi, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, jiki ne ke ruɓewa dashbod ya tsira. A wurare masu rana da bushewa irin namu, jiki kan yi ƙarko, dashbod ne ke mutuwa.

Ita 504 an fara nuna ta a Paris a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, har akan yi jigilar sassan mota ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, daga nan a kwashe su zuwa Kaduna. Zamanin mulkin Janar Obasanjo, 1976 zuwa 1979, ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, daga baya ta zama ta malamin makaranta da ɗan kasuwa, mai dogon bayan nan kuma ta mamaye tashoshin mota. Ba a daina harhaɗa ta a Kaduna ba sai 2006, shekaru da yawa bayan an bar yin ta a Faransa. Duk wanda ya yi tafiya a cikinta zai tuna da ɗan kafet ko gashin tunkiya da direbobi ke shimfiɗawa a kan dashbod. Da ina yaro na ɗauka ado ne. Ashe wani yana kare nasa daga rana ne, wani kuma yana rufa wa nasa asiri.

Abin da ya sa masu gyara suka yi tsit a gaban motar kawuna shi ne, katako in ya lalace kafinta ya sassaƙa wani, ƙarfe in ya huje maƙeri ya yanko ya liƙa, amma roba a mazubi ake zuba ta, mazubin kuwa na kamfani ne, in an daina ƙera mota sai a jingine shi. Masu tashin tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun ɓullo da dabaru. Mafi sauƙi a sayo wani murfin roba da aka zuba daidai siffar dashbod, a shafa gam a kifa a kan tsohon. Wasu kan buɗa bakin tsagar, su cike da fila mai laushi, su goge da samfefa su fesa launi, amma rana ba ta cika barin wannan ya daɗe ba. Gyara na sosai shi ne a ciro dashbod ɗungurungum, a feɗe tsohuwar fata, a kankare mataccen soso a sa sabo, sa'an nan a gasa sabuwar leda a ɗora, injin zuƙe iska ya manne ta ta bi kowane lungu. Ƙananan abubuwa irin su maɓallai da ragar kafofin iska, yanzu akwai na'urar da ke ƙera su daga zanen kwamfuta, tana zuba narkakkiyar roba hawa-hawa.

Sai dai in an fara gyara, kwaɗayin ƙari kan shigo. Ɗan kawuna ya kawo shawarar a cire tsohuwar rediyo a yanka wurin a sa allo irin na motocin yanzu, a sauya agogai da masu lambobin lantarki. Wannan gardama ba a gidanmu ta fara ba. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke kiran mota ta tarihi in ta kai shekara 30, ta amince da wata yarjejeniya da aka sa wa sunan birnin Turin a 2012, inda ta nemi a kiyaye ainihin kayan mota gwargwadon iko, in kuma an sauya abu a yi shi yadda za a iya mayarwa. Ni a ganina sun yi gaskiya. Sauya ƙwan fitilar agogo da mai haske, ko ɓoye sabuwar waya a bayan allo don gudun gobara, ba su rage komai ba. Yanka kuwa ba ya komawa. Mu da muka fi kowa hawan 504, abin kunya ne a wayi gari ɗalibin tarihi yana son ganin cikinta yadda ta fito daga Kaduna, sai ya tafi gidan tarihin Peugeot a Sochaux ya ga ta Faransa.

Kawu bai ce da ɗansa uffan ba. Ya shiga Fanteka ta Kaduna ya yi kwana biyu yana bin rumfunan masu kayan tsofaffin motoci, har ya dace da dashbod ɗin wata 504 da aka farfasa, mai tsaga ɗaya tak wajen gefen fasinja. Wajen ɗaurawa kunnuwan roba biyu suka karye a hannun bakanike, aka ɗaure wurin da waya ta ciki. Agogan nan uku masu zagaye na motarsa ya sa aka mayar, da rediyonsa mai allura. Tsohon dashbod ɗin kuma ya hana a yar, yana nan rataye a rumfa, inda rana ba ta kai.