Kashi Nawa, Daga Wace Shekara?

Babu ƙasar da ke dasa ma'auni a bakin kowane bututun hayaƙi don ta san yawan iskar kabon da take fitarwa. Lissafi ake yi: a tattara adadin kwal da man fetur da gas ɗin da aka ƙona a shekara, a ninka kowanne da yawan kabon da aka san yana saki, a haɗa da na masana'antun siminti da sauransu. Awon iska kai tsaye, irin wanda Charles Keeling ya fara a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, abin da ya taru a sararin samaniya yake nunawa, ba ya faɗin rabon kowa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne shekarar da za a fara ƙirgen ragi daga gare ta.

A taron Kyoto na 1997, ƙasashe masu arzikin masana'antu sun amince su rage kimanin kashi 5 cikin 100 a jimlace, bisa abin da suka fitar a 1990. Wannan shekara ta yi wa wasu daɗi ƙwarai. Bayanta ne Jamus ta rufe tsofaffin masana'antun gabashinta, Birtaniya kuma ta koma ga gas daga kwal. Rasha ce ta fi kowa dacewa. An ce kada ta wuce matakin 1990, alhali rushewar Tarayyar Sobiyet ta riga ta zaftare fiye da kashi ɗaya bisa uku na hayaƙinta. Ta cika alkawari tun kafin ta ɗauke shi, har da rarar da za ta iya sayarwa. Amurka ta sa hannu kan kashi 7, amma ba ta taɓa tabbatar da yarjejeniyar ba.

Da aka zo Paris a 2015, sai aka bar kowa ya zo kasuwa da mudunsa. Tarayyar Turai ta riƙe 1990. Amurka ta zaɓi 2005, lokacin da hayaƙinta ke dab da ƙololuwa. Sin kuwa ta auna hayaƙi bisa girman tattalin arziki, wanda ke nufin jimillar na iya ƙaruwa alkawari kuma na cika.

Mudun da ya fi ɗaure mana kai shi ne na hasashe, wanda Najeriya ta ɗauka: ragin kashi 20 da ƙarfinta, ko 45 in ta samu tallafi, daga abin da za ta fitar a 2030 da ba a yi komai ba. Wannan adadin ba a taɓa ganinsa ba, kwamfuta ce ta haife shi. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan amsa tana bin zaton da aka shigar ne. A 2015 hasashen ya kai kusan tan miliyan 900. Da aka sake lissafi a 2021, ya dawo tan miliyan 453, kashi 20 ɗin kuma aka bar shi yadda yake a takarda a lokacin.