Tarihin Kallon Tsuntsayen Ruwa a Ƙasar Kano

Kallon tsuntsayen ruwa da ɗaukar hotunansu a ƙasar Kano ya fi armashi daga Janairu zuwa Maris, wato ƙarshen hunturu da shigowar bazara. A lokacin ruwan fadamu yana janyewa, tsuntsaye su taru a ɗan abin da ya rage, baƙin da suka zo daga Turai da Asiya kuma suna ƙara ƙiba kafin su ƙetare Sahara su koma gida.

Tun asali birnin Kano ba ya rasa ruwan kwance. Ƙasar da aka haƙa aka gina ganuwa da gidaje ta bar kududdufai birjik, daga cikin gari har gefen ƙofofi irin su Ƙofar Dawanau, ga kuma ruwan Jakara da matafiyi Heinrich Barth ya gani a 1851. Bakano ya san zalɓe da balbela da kirinjijiya da dinya, ya san zuwan shamuwa alamar damina ce. Abin da ya zo daga baya shi ne rubuta lissafinsu.

A 1964 John Elgood da Robert Sharland suka kafa Ƙungiyar Masana Tsuntsaye ta Nijeriya. Sharland mazaunin Kano ne, kuma ya daɗe yana kama tsuntsaye masu ƙaura yana sa musu zobe mai lamba a ƙafa. Idan aka sake kama tsuntsun a wata ƙasa, lambar ce za ta faɗi inda ya fito. Aiki ne na haƙuri, don mafi yawan zobban ba a sake jin labarinsu. Ƙungiyar ta faɗaɗa ta game Afirka ta Yamma, ta fara buga mujallar Malimbus a 1979, inda Sharland da Roger Wilkinson suka fitar da jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981. A wancan lokaci Haɗeja tana cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka yanke Jigawa.

A yankin Haɗeja ne kuwa cibiyar lamarin take. Fadamun Haɗeja da Nguru suna karɓar dubban agwagin Turai da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke kiwo a gonakin shinkafa bayan girbi. Amma wani ɓangare na ruwan fadamun daga Kano yake gangarowa, kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika su. An kafa shirin kare fadamun a 1987, Yarima Philip na Ingila ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona a 1989, sannan a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Duk da haka ciyawar kacala ta toshe magudanai da yawa, gauraka kuma ta yi wuyar gani ƙwarai.

A cikin birni an cike kududdufai da dama an yi gini a kai. Mai kyamara a yau yakan nufi madatsun ruwa na kewaye, ko ya kama hanyar Haɗeja zuwa fadamar Baturiya, ya shiga kwalekwale da sassafe, yana fatan hazo bai rufe sama ba.