Baba ta Karo: Muryar Wa Ke Cikin Littafin?

Wata mai karatu ta aiko tana tambaya: kafin marubuta mata na Kano su cika kasuwa da littattafai, akwai wata talakar Bahaushiya da duniya ta taɓa jin labarinta daga bakinta? Akwai. Sunanta Baba, mutuniyar Karo, kuma har yau ana jayayya a kan littafin da ke ɗauke da sunanta.

An haifi Baba wajen 1877, a zuriyar Barebari da suka zauna a kan iyakar Kano da Zazzau. Gidansu manoma ne da malamai, masu rinji da bayi. Ba 'yar sarauta ba ce kamar Nana Asma'u, ba ta kuma riƙe alƙalami ba. Ta yi aure huɗu, na farin auren zumunta ne da bai kwanta mata ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙi 'ya'yan dangi, ta kuma zama ungozoma.

A ƙarshen 1949 wani mai bincike, M. G. Smith, haifaffen Kingston ta ƙasar Jamaika, yana aiki a ƙasar Zazzau. Ya san fada, ya san kasuwa da gona, amma zaure ne iyakarsa, domin namiji baƙo ba ya wuce nan. Sai matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ta shiga cikin gida. A Giwa ta haɗu da Baba, tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai. Kusan mako shida suka yi, a Giwa sannan a Zariya, Baba na magana, Mary na rubutawa da hannu cikin Hausa. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito a Landan a 1954, da Turanci.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa littafin Turawa ne kurum aka lulluɓe da zanen tsohuwa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: hukumar mulkin mallaka ce ta ɗauki nauyin binciken, Mary ce ta yi tambayoyi, ita ta fassara, ita ta jera babi-babi, mijinta kuma ya rubuta doguwar gabatarwa. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne yadda Baba ta nuna talakawa da dama sun ji sanyi da zuwan Nasara. Suka ce ai mai ba baƙo labari ya san abin da baƙon ke son ji.

Ni dai ban gamsu da wannan ba. Baba tana ƙarama ta ga mahara na faɗa wa ƙauyuka, ta ga an kwashe matan gidansu da 'ya'yansu, ta ga maza suna fafutukar tara wuri don fanso su. Wadda ta tashi cikin wannan fargaba ba sai Bature ya koya mata daɗin kwana lafiya ba. Sannan ba ta ɓoye cewa sauyin ya ci gidansu ba: bayi sun watse, rinji ya mutu, noma ya ja baya. Mai neman faranta wa baƙo rai ba ya kawo ribar da asarar tare.

Kuma mafi yawan littafin ba ruwansa da Turawa. Zancen cikin gida ne: yadda ake ƙulla ƙawance, yadda ake sa amarya a lalle, wankan jego, kunyar ɗan fari, zaman kishiyoyi, 'yan bori da iskokinsu, da dabarun da mace ke bi ta raba auren da ya ishe ta. Wane jami'in mulkin mallaka ne zai ƙago wannan? Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare zai gane salon, ko da an sauya masa harshe. Tabbas hannun Mary ya taɓa labarin, amma mai labarin Baba ce.

Jami'ar Yale ta sake buga littafin a 1981, ya shiga azuzuwan Amurka da Turai, inda 'ya'yan Afirka mazauna ƙetare ke karanta shi don sanin rayuwar kakanninsu mata. A gida kuwa mata suka karɓi alƙalami da kansu, daga Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu zuwa masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016.

Abin da ke damuna shi ne an fi sanin Baba a jami'o'in waje fiye da Giwa da Zariya. Tsofaffi irinta suna nan a gidajenmu, sun ga yunwa da yaƙin basasa da sauyin zamani, kuma kowannenmu na da wayar da ke ɗaukar murya a aljihu. Kada mu jira wata baƙuwa ta zo ta tambaye su.